Yadda na gyara tsohuwar kongata da ta tsage

Yawanci ba a sassaƙa konga, wato doguwar gangar da ake kaɗawa da hannu, daga gungume ɗaya kamar gangunanmu. Siraran katakai ake jerawa a manne, haka aka gada daga Kyuba. Shi ya sa da hunturu ya kankama, katakon tawa ya bushe, mahaɗa ɗaya ta buɗe, amon ya mutu.

Na kwance notuna, na cire fatar, na kankare tsohon gam da reza. Nan aikin yake, domin sabon gam ba ya kama tsoho. Sai na ɗura gam ɗin kafinta, na ɗaure cikinta tamau da bel ɗin ɗaure kaya har ya bushe. Ban yarda da sufa-gulu ba, saurin karyewa gare shi.

Wajen mayar da fata, noti da wanda ke fuskantarsa nake ɗaurewa, kaɗan-kaɗan, don kada ta karkace.