Masu albashi, a duba layin PAYE (harajin da ake cirewa daga albashi)

Salam jama'a, don Allah a daina tsayawa kan alat ɗin banki kawai, ku je wajen akanta ku karɓi takardar albashinku ku duba nawa ake cirewa na haraji. Tun Janairun 2026 sabuwar doka ta fara aiki, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, miliyan 2.2 da ke bin su kashi 15 ne, kuma sai an fitar da kuɗin fansho kashi 8 da na NHF (asusun gidaje na ƙasa) sannan a lissafa. Ni wata biyu ana yanka min da tsohon lissafi, sai da na zauna da biro da kalkuleta bayan isha'i na gano, wallahi raina ya ɓaci.

Masu zaman haya ku ne abin ya fi shafa, ana rage muku kashi 20 na hayar shekara daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, iyakarsa 500,000, amma fa ba wanda zai yi maka sai ka kai rasit ɗin mai gida da kanka. Ka ajiye fotokwafi, wata mai zuwa ka sake dubawa ko sun gyara.