Kurakuran da gundumomin makarantu a Amurka suka fi yi wajen bin dokar ilimi na musamman

A Amurka, karatun yaro mai nakasa haƙƙi ne da doka ta ɗora wa gundumar makarantu, wato hukumar da ke riƙe da makarantun gwamnati na wani gari ko yanki. Dokar tarayya da ake kira IDEA ce ta tanadi haka. An kafa ta a 1975 da wani suna, aka sauya mata suna a 1990, babban garambawul na ƙarshe kuma a 2004 aka yi mata. Sashenta na B ya shafi yara daga shekara 3 zuwa 21. Tarayya na ba jihohi kuɗi, jihohi su raba wa gundumomi, kuma kowace shekara jiha kan auna kowace gunduma ta sa ta a ɗaya daga cikin matakai huɗu: ta cika sharuɗɗa, tana buƙatar taimako, tana buƙatar a sa mata hannu, ko tana buƙatar a sa mata hannu sosai. Abin da ya fi kayar da gunduma shi ne wa'adi ya wuce ba a lura ba, ko an yi aiki ba a rubuta ba, ko kuma an rubuta ba a yi ba.

Jiran iyaye su kawo kansu

Neman yaron aikin gunduma ne. Dole ta gano duk yaron da ake zaton yana da nakasa a yankinta, har da wanda ke makarantar kuɗi, da wanda iyalinsa ba su da matsuguni, da wanda ke cin jarrabawa yana wucewa aji na gaba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ruɗar malamai, domin gani suke yaron da ke samun maki ba ya buƙatar komai.

Wani salon kuskuren shi ne a ce wa uwa sai ɗanta ya gama zagayen darussan tallafi na cikin aji kafin a tantance shi. Ofishin ilimi na musamman na tarayya ya faɗa a rubuce tun 2011 cewa ba a jinkirta tantancewa da wannan hujja. Idan iyaye suka nema, hanya biyu ce kawai: ko a ba su takardar amincewa su sa hannu a fara, ko a ba su rubutacciyar sanarwa ta ƙin yi tare da dalili. "Bari mu ga yadda zangon nan zai kaya" ba amsa ba ce a wurin doka.

Kada kuma a ƙayyade adadi. Jihar Teksas ta sa ma'aunin kashi 8.5 cikin ɗari na duk ɗalibai a 2004, gundumomi suka riƙa ƙoƙarin kada ɗalibansu na ilimi na musamman su haura haka. Jaridar Houston Chronicle ta tona lamarin a 2016, a 2018 kuma Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta yanke cewa jihar ta saɓa wa doka.

Ƙidayar kwanaki

Daga ranar da aka karɓi sa hannun iyaye, kwana 60 ne wa'adin kammala tantancewar farko, sai dai in jiha ta sa nata wa'adin. A wannan doka, idan aka ce "kwana" kawai, kwanan kalanda ake nufi, da Asabar da Lahadi da hutu duk a ciki. Inda ake nufin ranar makaranta ko ranar aiki, sai an ambata. Gundumar da ta karɓi sa hannu a ƙarshen Nuwamba tana ƙirga ranakun makaranta za ta farga a Fabrairu cewa wa'adi ya tsere mata. Manyan uzurorin da dokar tarayya ta yarda da su biyu ne: iyaye sun yi ta ƙin kawo yaron, ko yaron ya koma wata gunduma ana cikin aikin. Ƙarancin ma'aikata ba ya ciki.

Bayan an tabbatar yaro ya cancanta, sai a zauna cikin kwana 30 a rubuta masa tsarin karatunsa na kansa, wanda kowa ke kira IEP. Ana sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a sake tantance yaron aƙalla duk shekara 3. Jaririn da ke samun tallafin Sashen C kuwa, wato sashen dokar da ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara 3, in ya cancanta, dole tsarinsa ya kasance yana aiki ranar da ya cika shekara 3, ko da ranar ta faɗo cikin dogon hutu. A ma'aunan da jihohi ke kai wa tarayya rahoto, wa'adin tantancewa da wannan na shekara 3 ana neman ɗari bisa ɗari ne, yaro ɗaya ya isa ya ɓata lissafi. Maganin ba shi da wuya: a buga hatimin kwanan wata a takarda ranar da ta iso, a ƙirga daga ranar ƙarshe zuwa baya, a sa wa kai wa'adin cikin gida kamar kwana 45, kuma mutum guda ya riƙe jadawalin duka.

Zaman da aka gama kafin a fara

Doka ta lissafa waɗanda za su zauna: iyaye, malamin aji na gama-gari aƙalla ɗaya in yaron na shiga ko zai iya shiga irin wannan aji, malamin ilimi na musamman, wakilin gunduma wanda ya san kayan aikinta, da wanda zai iya fassara sakamakon gwaji. Malamin aji ya leƙo minti biyar ya koma darasi, ko mataimakin shugaban makaranta ya ce "sai na tambayi ofis" kan kowane abu, duka biyu aibi ne. Ba a ɗauke wa wani halarta sai da rubutacciyar yardar iyaye, in kuma za a taɓa fanninsa, sai ya miƙa bayaninsa a rubuce kafin zaman.

Zuwa da daftari ba laifi ba ne. Laifin shi ne a zo da hukunci. Kotuna sun sha kama gundumomi da yanke shawarar inda yaro zai yi karatu tun kafin a saurari iyaye, kuma wannan kaɗai kan isa a ce an tauye haƙƙin yaron. A rubuta "daftari" a kowane shafi, a aika wa iyaye tun da wuri, a rubuta zaɓuɓɓukan da aka tattauna da dalilin barin kowanne.

Batun harshe ya shafi iyalan Hausawa da ke zaune a wurare irin su Bronx kai tsaye. Wajibi ne gunduma ta tabbatar iyaye sun fahimci abin da ake faɗa a zaman, har da samo tafinta, sanarwa kuma a ba su cikin harshensu sai in a fili yake hakan ba zai yiwu ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga an rubuta Nijar a takarda a kawo mai Faransanci, ko a ga Gana ko Najeriya a ɗauka Turanci ya wadatar, ko mafi muni a sa yayan yaron ɗan shekara 12 ya yi tafinta kan nakasar ƙanensa. A tambayi iyaye harshen da suke so. Haka gwajin kansa: ana yin sa ne da harshen da zai fi nuna abin da yaron ya sani, kuma ƙarancin Turanci ba ya zama dalilin sanya wa yaro sunan nakasa.

Tsarin da ba a iya aunawa, da wanda ba a aiwatar ba

Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Rowley a 1982 wasu kotuna suka riƙa karɓar ɗan ci gaba kaɗan a matsayin ya isa. A 2017, a shari'ar Endrew F., wani yaro mai lalurar galahanga daga Kolorado, Kotun Ƙoli baki ɗaya ta yi watsi da wannan fahimta. Ta ce dole tsarin ya zama wanda aka tsara don yaron ya samu ci gaban da ya dace da halinsa. Abin da iyayen suka yi kuka da shi shi ne ana maimaita kusan buri iri ɗaya shekara bayan shekara. Duk gundumar da ke kwafo burin bara ta liƙa a na bana tana rubuta wa lauyan iyaye hujja da hannunta.

"Zai inganta karatunsa" ba buri ba ne. Buri shi ne a ce yanzu yana karanta kalma 40 daidai a minti ɗaya a rubutun aji biyu, kuma nan da shekara zai kai 75 a gwaji huɗu cikin biyar, malamin zai auna duk mako biyu. Haka hidimomi: a faɗi ranar farawa, sau nawa, minti nawa, a ina. "Gwargwadon buƙata" ƙofar rigima ce.

Sai aiwatarwa, inda aka fi zubewa. An rubuta minti 30 na gyaran magana sau biyu a mako, mai koyarwar ta ajiye aiki a Oktoba, ba a samu wata ba sai Fabrairu, ba wanda ya gaya wa iyaye. Bashi ne ya hau gunduma. Abin yi shi ne a sanar da iyaye a rubuce, a ƙirga mintocin da aka rasa, a ɗauko ƙwararre na haya ko a yi ta intanet, a tsara darussan ramuwa. Kowane zama a rubuta shi a rajista da kwanan wata da tsawonsa. Kuma kowane malamin da ke koyar da yaron, har da na wucin gadi, a sanar da shi abin da ke kansa, domin tsarin da ke kulle a durowa ba ya ba yaro ƙarin lokaci a jarrabawa.

Shirin rayuwa bayan sakandare dole ya shiga tsarin da zai kasance yana aiki lokacin da ɗalibi ya cika 16, jihohi da dama ma 14 suka sa. A gayyaci ɗalibin da kansa, a ajiye shaidar gayyatar.

Horo

Ana iya dakatar da ɗalibi mai nakasa har ranakun makaranta 10 kamar kowa. Daga nan doka ta sauya. Fiye da 10 a jere, ko gajerun dakatarwa da suka taru suka haura 10 a shekara suka zama salo ɗaya, sauyin wurin karatu ne, kuma cikin ranakun makaranta 10 da yanke shawarar dole a zauna a amsa tambaya biyu. Nakasar ce ta jawo abin da ya yi, ko tana da alaƙa ta kai tsaye mai ƙarfi da shi? Ko kuwa gazawar makaranta wajen aiwatar da tsarinsa ce ta haifar? In ɗaya ta zama i, yaron zai koma inda yake, a binciki musabbabin halayyar, a rubuta ko a gyara shirin kula da ita. Makami, miyagun ƙwayoyi da ji wa wani mummunan rauni ne kaɗai ke ba makaranta damar kai shi wani wuri na wucin gadi har ranakun makaranta 45 ko da nakasar ce sanadi. A kowane hali, bayan rana ta 10 karatunsa ba ya tsayawa.

Inda lissafi ke ɓacewa shi ne kiran waya na "zo ki ɗauke shi, yau ba ya jin magana". Ba a rubuta shi a matsayin dakatarwa, amma cire yaro ne daga karatu, kuma mai bincike zai ƙirga shi.

Kuɗi

Kuɗin tarayya ƙari ne a kan na gida. Gunduma ba ta da ikon kashe wa ilimi na musamman ƙasa da abin da ta kashe a baya daga aljihunta, ko nata haɗe da na jiha, a jimlace ko bisa kan kowane ɗalibi. Cin ɗaya daga waɗannan hanyoyi huɗu ya wadatar, amma akan samu akawun da ya gwada ɗaya kawai ya ɗauka an faɗi. Akwai rangwame, misali tsohon malami mai babban albashi ya yi ritaya aka ɗauki sabo, ko yawan ɗalibai ya ragu, ko yaron da hidimarsa ke da tsada ƙwarai ya bar gundumar, sai dai kowanne na buƙatar takardun shaida. In aka gaza, ana mayar wa tarayya giɓin da kuɗin da ba na tarayya ba, ma'aunin shekara mai zuwa kuma ba ya sauka.

Ana mantawa da yaran da iyayensu suka kai makarantun kuɗi, ciki har da na Islamiyya da na coci. Gundumar da makarantar take cikinta ce ke da alhakin nemo su, da ware musu kasonsu na kuɗin, da tuntuɓar shugabannin makarantun a kan lokaci, ta kuma karɓi takardar shaida cewa an yi tuntuɓar. Idan kuma jiha ta gano wani jinsi ko ƙabila sun yi yawa fiye da kima a wani rukunin nakasa, ko a keɓaɓɓun azuzuwa, ko a horo, dole gunduma ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin Sashen B don magance tushen matsalar.

Idan ƙorafi ya iso

Iyayen da ba su gamsu da gwajin gunduma ba na iya neman na ƙwararre mai zaman kansa da kuɗin gwamnati. Ko a biya, ko a shigar da ƙara don kare gwajin, ba tare da jan ƙafa ba. Yin shiru shi ne kuskuren. Idan iyaye suka shigar da ƙara, taron sasanci cikin kwana 15 ne, lokacin sasancin duka kwana 30, sannan kwana 45 a fitar da hukunci, kuma yaron na zama inda yake har a gama sai in an yi yarjejeniya. Neman ganin fayil ba ya wuce kwana 45.

In jiha ta rubuta cewa an saɓa doka, wa'adin gyara ba ya wuce shekara ɗaya, kuma gyaran hawa biyu ne. Na farko, a gyara wa kowane yaron da abin ya shafa, ko da a makare. Na biyu, jiha za ta zaɓo sababbin fayiloli na bayan binciken ta duba ko yanzu ana yin daidai ɗari bisa ɗari. Gundumar da ta gyara fayil goma da aka kama ta bar jadawalinta da horon ma'aikatanta yadda suke, a hawa na biyun za ta maƙale.