Yadda nake haɗa aiki da rainon yara biyu ni kaɗai a Damagaram

Shekara biyu ke nan da aurena ya mutu, na kama ɗaki a Garin Malam da yarana biyu: babbar tana da shekara huɗu, ƙaramin bara na yaye shi. Ni ce uwa, ni ce uba. Ina aikin sakatariya a wani biro kusa da kasuwar Dole, albashina kuwa bai ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba da yawa, wato jaka 42 da aka tsayar tun 2024. Tun da aka rufe iyakoki a 2023 kaya suka tashi, masu jardan, wato makarantar ƙananan yara, su ma suka ƙara nasu kuɗin. Ga abin da na koya, ƴar'uwa, ko zai rage miki wahala.

Ki fara da lissafi tun watan Agusta, kafin a koma lakwal a Oktoba. Kada ki tsaya ga kuɗin wata kaɗai. Ki rubuta kuɗin rubuta suna, riga, abin kalacin da yaro zai riƙe, sannan babban abin da ke cinye mu ba mu sani ba: kabu-kabu. Jardan ɗin da na fara kai babbar yana da kyau, amma yana da nisa. Dala hamsin zuwa, dala hamsin dawowa, kwana ashirin a wata, jaka goma ke nan, ya fi kuɗin makarantar kanta. Na ciro ta na maida ta jardan na gwamnati da ke cikin unguwa, wanda muke zuwa da ƙafa. Wuri yana saurin cika a irin waɗannan, saboda haka ki je da wuri, takardar haihuwar yaro a hannu.

In jardan na kuɗi ya zame miki dole, ki je ki ga shugabar makarantar ke da kanki, ki nemi biya kashi uku, kuma kowane biya ki karɓi takarda. Ba abin kunya ba ne. Ni kuma na roƙi uwar adashenmu ta riƙa sa kwasata a Satumba, don ta faɗo daidai lokacin da ake buƙatarta.

Amma jardan rabin matsala kaɗai yake ɗauke miki. Yara suna tashi da tsakar rana, ke kuwa kina biro har bayan la'asar. Waɗannan awoyin ne ke sa mace ta rasa aikinta, kuma su ya kamata ki fi ba hankali.

Da farko wata yarinya na ɗauka daga ƙauye tana taya ni. Da kaka ta yi, iyayenta suka aiko a kan ta koma girbi, ta tafi ran nan ba tare da na sani ba. Ƙarfe biyu aka kira ni. Na iske ɗiyata zaune a kan benci wajen mai gadi, leɓenta ya bushe, ta rungume gorar ruwanta da babu komai ciki, ƙaramin kuma an bar shi gidan maƙwabta. Ba ta yi kuka ba sai da ta gan ni. Daga ranar na daina rataya yarana a wuyan mutum guda.

Yanzu hannu uku gare ni. Na farko wata dattijuwa ce a layinmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, ba ta zuwa ko'ina. Na je na durƙusa na ce, "Inna, ina so ki riƙe mini jikokinki daga azahar zuwa la'asar, amma sai mun yanka abin da zan riƙa ba ki." Ta ce, "Haba ɗiyata, ai ɗa na kowa ne." Na ce na sani, duk da haka a yanka. Muka tsaya kan jaka biyar a wata, da tiya biyu ta hatsi, da sabulu, da jarka biyu ta ruwa kullum daga ƴan ga-ruwa. Kada ki raina ruwan nan. Wanda ya zauna garin nan a watan Afrilu da Mayu ya san famfo yana iya kwana da yini bai kawo ba, kuma yaro biyu suna cin ruwa. Abin da aka yi kyauta zalla, ranar da aka gaji ba ki da bakin magana.

Hannu na biyu maƙwabciyata ce mai ɗinki: ita ke ɗauko babbar tare da nata, ni kuma ina riƙe mata yaranta ranar Asabar da Lahadi in ɗinki ya yi mata yawa. Na uku ƙanwar mahaifiyata ce a Birni, wadda ba na taɓawa sai ranar da ɗaya daga cikin biyun ta kasa. Lambobinsu duka suna wajen malamar aji. Abu guda da ba na so ki yi shi ne cire babbar ɗiyarki daga lakwal don ta yi goyo.

A wurin aiki, ki san haƙƙinki. Dokar aiki ta Nijar ta ba mai haihuwa hutun mako 14, da kuma awa guda a rana don shayarwa har yaro ya cika wata 12. Ki gaya wa shugabanki halin da kike ciki tun lafiya lau, kada ki bari sai ranar da zazzaɓin damina ya kwantar da yaro. Tun 2006 duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitin gwamnati, amma ina ɓoye jaka biyu a cikin kanen rigakafi saboda maganin da za a ce a sayo waje.

Ciyar da yara wajibi ne a kan ubansu, ko an rabu. Mun zauna gaban manya aka tsayar da abin da zai riƙa bayarwa, na kuma nemi ya riƙa biyan makaranta kai tsaye, ya aiko mini da takardar. Hakan ya kashe gardamar ina kuɗi suka tafi.

Da dare nake haɗa komai: riguna, ƙullin gari na kunu, gora biyu cike da ruwa. Da na sallame asuba sai in dama kunun, in goya ƙaramin, in kama hannun babbar, mu fara biyawa ta ƙofar Inna.