Daga gadon asibiti zuwa gida: yadda ake miƙa tsoho hannu da hannu

Aikina jinya ne, a ɗakin da yawancin masu kwanciya tsofaffi ne, kuma ranar sallama ce ta fi tayar mini da hankali. A asibiti an san wanda ke da alhakin majinyaci, a gida ko gidan kula da tsofaffi ma an sani, amma kwanakin da ke tsakani ba su da mai su. Wani bincike da Stephen Jencks da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2009 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu inshorar lafiya ta gwamnati mai suna Medicare, waɗanda galibinsu tsofaffi ne, ana sake kwantar da su kafin kwana 30 da sallama. Rabin waɗanda suka dawo, cikin masu ciwon da ba na tiyata ba, babu shaidar sun ga likita a tsakani.

Dabarun gyara wannan suna nan a rubuce. Mary Naylor ta Jami'ar Pennsylvania ta gwada tsarin da ƙwararriyar nas ɗaya ke bin tsoho tun daga gadon asibiti har cikin gidansa. Eric Coleman na Jami'ar Colorado ya ɗora nasa a kan abu huɗu: magani, takardar bayanin lafiya da majinyaci ke riƙewa da kansa, komawa ganin likita a kan lokaci, da sanin alamomin haɗari. Duk inda na duba, ginshiƙin ɗaya ne: a samu mutum guda, mai suna da lambar waya, wanda tafiyar tsohon ke wuyansa. Wahalar tana wajen sa wannan ya zauna a ɗakin da ma'aikata ba su isa ba, kuma ga yadda nake ganin ya fi yiwuwa.

Masu jinya, ku fara shirin sallama ranar da aka kwantar da tsoho. Rubuta sunan nas ɗin da za ta bi shi a jikin fayil, sannan ta zauna da shi da wanda ke jinyarsa ta tambayi yadda yake mako biyu kafin ciwon. Yana tafiya da kansa ko da sanda? Yana zuwa bayan gida shi kaɗai? Wa ke ba shi magani? Akwai matakala a inda zai koma? Wannan amsar ita ce ma'auninku. Tsohon da ya shigo da ƙafarsa yana iya fita a keken guragu saboda kwanciya kawai, domin tsoka tana saurin zubewa a jikin mai shekaru. Don haka ku tashe shi zaune, ku taka da shi tun da wuri idan likita ya yarda, ku kira masu gashin ƙashi tun kafin ranar ƙarshe.

Magani ne ya fi cin lokaci, kuma ya cancanci lokacin. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage cutarwar da magani ke yi, ta sa sauyin wurin jinya cikin fannoni uku da ta fi bai wa muhimmanci. Ku ce wa iyali su kwaso duk abin da yake sha a gida cikin jaka ɗaya, har da wanda ya saya da kansa da na gargajiya da wanda ya daina sha amma kwalbar tana nan. Ku baje su a tebur, ku gwada da abin da ake ba shi a asibiti, sannan da abin da likita ya rubuta na sallama. A nan ake gano maganin hawan jini iri ɗaya da sunan kamfani biyu, wanda in an koma gida za a sha duka biyun, jiri ya kwashe shi ya faɗi. A nan ake gano maganin barci da aka fara don dare biyu ya maƙale a takarda. A ƙarshe ku fitar da jeri ɗaya tak, da manyan baƙaƙe: sunan magani, amfaninsa, lokacin sha, da lokacin da aka ba shi na ƙarshe. A ƙasa ku rubuta waɗanda aka dakatar da dalilin dakatarwa, domin in ba a faɗi dalili ba, wani zai ɗauka mantuwa ce ya mayar da su. Insulin, maganin tsinka jini da maganin sa fitsari su nake ja wa layi, kuma ina so mai harhaɗa magunguna ya duba jerin kafin ya fita.

Bayan bayani, kada ku tambayi tsoho ko ya gane, domin kunya da girmamawa za su sa ya ce e. Ni cewa nake yi: “Baba, ina so in tabbatar na yi maka bayani yadda ya kamata. In an tambaye ka a gida yadda za ka sha wannan farar ƙwayar, me za ka ce?” In ya kauce, sai in sake bayanin da wasu kalmomi. Ku tabbatar tabarau yana idonsa, na'urar ji tana kunnensa, kuma wanda zai riƙa ba shi maganin yana wurin, ba wanda ya zo ɗaukarsa da mota kawai ba.

In gidan kula da tsofaffi ko wani asibiti zai tafi, takarda ba ta isa ba. Ku buga waya, nas da nas, kafin motar ta tashi. A Sutton ta Ingila an fito da wata dabara a 2015 da nake so ƙwarai: jar jaka da ke bin tsoho daga gidan kulawa zuwa asibiti, ta dawo tare da shi, ɗauke da takardunsa da magungunansa da tabarau da haƙoran roba da tufafin komawa. Kowa zai iya kwaikwayon wannan. A wayar ku faɗi halin fatarsa, ko akwai gyambon kwanciya, ko yana shaƙewa wajen haɗiya, da sakamakon gwajin da bai fito ba tukuna da sunan wanda zai bi shi. Sai halin ƙwaƙwalwarsa. Sauyin wuri yana jefa tsofaffi cikin ruɗewa ta farat ɗaya, kuma sau da yawa ba ta zuwa da hayaniya, sai dai yawan barci da shiru. Masu karɓarsa ba su san shi ba, za su ɗauka haka yake ko su ce tsufa ne. In kun gaya musu jiya yana hira yana gane kowa, za su san yau akwai matsala, su nemi sanadi kamar ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani.

Cikin kwana biyu zuwa uku, nas ɗin da ta bi shi ta kira gida. An samu magungunan duka? Yana ci, yana sha, yana fitsari? Ya faɗi? Wa zai kai shi ganin likita, kuma yaushe?

Saura shawo kan abokan aiki. Kada ku ɗauki ɗaki gaba ɗaya a tashin farko. Ku fara da gadaje kaɗan da nas biyu masu so. Takardar wannan tsari ta tsaya a shafi ɗaya, kuma ku ba masu aikin dare su gyara ta, don su suka san abin da ba zai yiwu ba da ƙarfe uku na dare. Duk sabon fom da kuka shigo da shi, ku nemi tsohon da za a soke. Ku ƙirga abu biyu kawai: mutum nawa aka kira bayan sallama, mutum nawa suka dawo cikin kwana 30. Duk wanda ya dawo, ku zauna da fayil ɗinsa ba tare da neman mai laifi ba, ku tambayi iyalinsa abin da ya faru tun daga daren farko. Kuma in an matsa muku ku sallami tsoho mai rauni da yamma a ƙarshen mako, alhali babu magani a hannu kuma babu wanda ya ɗaga waya a can, ku gaya wa likita a fili cewa shirin bai kammala ba, ku rubuta hakan a fayil.