"Plugged in": kurakuran da aka fi yi wajen faɗin cewa na'ura a jone take

Ina gyaran kwamfuta da firinta a wani shago kusa da Terminus a Jos, kuma rabin cinikinmu ta WhatsApp ake ƙulla shi. Masu kawo mana aiki daga ofisoshi da makarantu yawanci da Turanci suke rubutu, takardun da ke zuwa cikin kwalin kaya ma da Turanci suke. Kwanaki wata mata ta aiko cewa firintarta ta ƙi kamawa, sai yaron shagona ya ba ta amsa da "Madam, check if it is plug." Ta gane nufinsa, amma na kira shi gefe. Ya ce, "Oga, ai ta fahimta." Na ce masa ta fahimta, sai dai gobe takardar neman kwangila zai rubuta, can kuwa babu mai yi masa uzuri. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne "Please check that it is plugged in."

Kafin kowane gyara, akwai abin da nake so Bahaushe ya lura da shi: wannan ginin jimla ba baƙo ba ne a wurinmu. Idan muka ce "an jona waya", ba mu faɗi wanda ya jona ba. Idan muka ce "a jone take", halin da wayar ke ciki muke bayani. Idan muka ce "ana jona ta", aikin ne bai ƙare ba. Turanci ma haka ya raba su. "A jone take" shi ne "it is plugged in". "An jona ta" shi ne "it has been plugged in". "Ana jona ta" kuwa "it is being plugged in". In kuma labarin jiya ne, kamar a ce firjin a jone yake lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi, sai a ce "the fridge was plugged in". Duk wanda ya fara tambayar kansa da Hausa wanne yake nufi cikin waɗannan, da wuya ya ɓata da Turanci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na yarona, wato yar da "ed" na ƙarshe. Laifin kunne ne. Ba a furta kalmar "plugged" da gaɓa biyu kamar "plug-ged". Gaɓa ɗaya ce mai ƙarewa da sautin "d", shi kuma sautin sai ya manne da "in" da ke biye, kamar ana cewa "plug-din". Wanda ya koyi kalmar daga bakin mutane bai ji "ed" ba, don haka ba ya rubuta shi. "Plug" shi kaɗai ko dai kan wayar nan ne mai ƙafa uku, ko kuma umarni ne cewa ka jona. A irin wannan jimlar, bayan "is" ko "was" ko "been", dole a ce "plugged". A kula da rubutun ma: "g" biyu ne. "Pluged" kuskure ne da nake gani har a takardun da aka buga aka manna a bango.

Wasu kuma "ed" ɗin yana nan, "is" suke yarwa: "The laptop plugged in." Kamar mutum ya ce "kwamfutar a jone" ya yi shiru ne, mai sauraro na jiran "take".

Na ukun ya fi haɗari ga ma'ana, kuma shi na fi son a tsaya a kansa. Mutum ya rubuta "it is plugged" ya tsaya, a zatonsa "in" ado ne. Asalin kalmar "plug" toshe rami ne. Idan Bature ya ce bututun ruwa "is plugged", ya toshe yake nufi. Saboda haka wanda ya rubuta wa mai gyara "the washing machine is plugged" yana iya sa shi ya zo da shirin buɗe bututu, alhali nufinsa injin wankin a jone yake da wuta. Wannan 'yar kalma "in" ita ce ke mayar da toshewa ta zama jonawa.

Idan za a ambaci inda aka jona, sai "in" ta koma "into": "it is plugged into the wall socket", "the printer is plugged into the computer". A nan muna yawan cewa "plugged to the socket", saboda kalmar "connected" ta shige mana kai. Ita ce ke tafiya da "to": "connected to the generator". Kowacce da abokiyar tafiyarta, kar a yi musu musanye.

Kishiyarta kuma "unplugged" ce. "Plugged out" ana jin ta a bakin mutane, amma ba za ka gan ta a takardar kamfani ba, kuma ba ita ake so a rubutu na aiki ba. Kwamfuta mai Windows da kanta takan nuna "Network cable unplugged" idan an zare wayar intanet. Haka kuma in umarni za ka bayar da "it", a tsakiya take zama: "plug it in", ba "plug in it" ba.

Akwai ruɗanin da ba na nahawu kaɗai ba ne, har kuɗin mota yake jawo wa mutane. Jonawa daban, kunnawa daban, shigar caji daban. Yawancin soket ɗin gidajenmu irin na Ingila ne, mai rami uku da makunni a jikinsa, don haka na'ura tana iya zama "plugged in" amma soket ɗin ba "switched on" yake ba. Wani dattijo ya taɓa ɗauko kwamfuta tun daga Bukuru saboda na tambaye shi a waya ko tana samun wuta, ya ce "yes, it is plugged in". Gaskiya ya faɗa. Da na sa ya koma ya duba, makunnin bangon ne a kashe. Tun daga ranar tambaya biyu nake yi: "Baba, a jone take? To, an kunna soket ɗin?" Da Turanci, "Is it plugged in and switched on?" Masu kwamfutar hannu kuma sun san saƙon nan "plugged in, not charging". Ma'anarsa caja a jone take amma batir ba ya ɗauka, don haka sai a bar zargin soket a duba batir da cajar. Kuma tunda mun zo nan, "on it" da "off it" da muke faɗa a kasuwa, a rubutu "switch it on" da "switch it off" ne.

Inda fahimtar wannan ginin ta fi amfani shi ne gargaɗin da ke cikin takardar kaya. Can za ka ga "must be plugged into" ko "should not be plugged into", kuma kuskuren marubutanmu shi ne barin "be" a baya, su ce "must plugged". Na farko yana nufin dole a jona a kaza, na biyu kar a jona a kaza. Lokacin hunturu, da sanyin Jos ya kankama kowa ya fito da hita, wannan gargaɗin ba na wasa ba ne. Hita da dutsen guga da butar lantarki suna jan wuta da yawa, shi ya sa ake rubuta a jona su kai tsaye a bango, ba a doguwar wayar nan mai soket da yawa ba, wadda kan yi zafi har ta narke. Idan ka ga "earthed socket" a takardar Ingila ko "grounded outlet" a ta Amurka, abu ɗaya ne: soket ɗin da ramin nan na uku yake haɗe da wayar kariya mai sauke wuta cikin ƙasa.

Masu sayen kayan gwanjo kuwa su duba jikin na'ura kafin su jona. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Cajar da aka rubuta wa "100-240V" za ta yi aiki a nan lafiya. Wadda aka rubuta wa "120V" kaɗai sai an haɗa ta da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, in ba haka ba jonawar farko tana iya ƙonewa. Irin wannan na'urar ce yarona ya rubuta wa takarda ya manna a makon jiya, kafin mai ita ya zo ɗauka: "This machine must not be plugged directly into the wall socket." Na karanta sau biyu, ban sami abin gyarawa ba.