Yadda Ake Inganta Tsarin Kare Lafiyar Ma'aikata a Wurin Aiki

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ne ke rasa rayukansu duk shekara sanadiyyar aikin da suke yi. Kimanin miliyan 2.6 daga cikinsu ba haɗari ne ya kashe su nan take ba, cututtuka ne da suka kwasa a wurin aiki sannu a hankali, ta hanyar shaƙar ƙura da sinadarai, ko doguwar sa'a a bakin aiki ba hutu. Wanda yake so ya gyara tsarin kare ma'aikatansa, ko masana'anta yake riƙe da ita, ko asibiti, ko gona, ko wurin gini, dole ne ya dubi abin da ke kashewa a ɓoye kamar yadda yake duban abin da ke zubar da jini.

Mataki na farko shi ne a ɗora alhakin a wuyan shugaban ma'aikatar. A naɗa jami'in kula da lafiyar ma'aikata, amma a ba shi kasafin kuɗi da ikon dakatar da aiki, domin jami'in da ba zai iya tsayar da inji ba sai ya nemi izinin manajan da ke neman a cika adadin kaya, sunan muƙami kawai yake riƙe da shi.

Mataki na biyu shi ne gano abubuwan da ke iya cutarwa, kuma ba a yin wannan daga kan kujerar ofis. A zagaya wurin da ƙafa tare da waɗanda ke yin aikin, a tambaye su inda suke jin tsoro, da inda suke yanke hanya idan aiki ya matsa. Su ne suka san cewa an cire murfin wani inji tun bara saboda yana rage gudu, su ne suka san tsanin da ƙafarsa ɗaya ke rawa. A koma da dare a ga masu aikin dare, a kuma zauna da masu shara, da masu gadi, da ma'aikatan 'yan kwangila, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su alhali su ne ke shiga lungunan da babu mai shiga. Akwai gwaji mai sauƙi game da ƙara: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusan mita ɗaya da kai ya ji ka, to ƙarar ta kusa ko ta kai ma'aunin desibel 85, wanda zama a cikinsa sa'a takwas kullum ke lalata ji, kuma kurumtar da ƙara ta haifar ba ta warkewa.

Bayan an rubuta komai, mataki na uku shi ne jerantawa. Ana auna kowane abu da tambaya biyu: yaya yiwuwar faruwarsa take, kuma yaya munin ɓarnarsa idan ya faru? Abin da zai iya kashe mutum shi ake fara gyarawa, ko da bai taɓa faruwa ba.

A mataki na huɗu ne yawancin ma'aikatu ke kuskure, domin da zarar an gano haɗari sai a garzaya a sayo hular kwano da safar hannu da takunkumi, a raba, a ɗauka an gama. Masana sun jera hanyoyin kariya hawa biyar, kuma kayan da ake sawa a jiki su ne na ƙarshe a ƙarfi. Hanya mafi inganci ita ce a kawar da haɗarin ɗungurungum, kamar a haɗa ƙarfen rufi a ƙasa a ɗaga shi da inji maimakon a sa mutum ya yi walda a sama. Idan hakan bai yiwu ba, sai a musanya abu mai cutarwa da wanda bai kai shi ba, kamar fentin da ake sirkawa da ruwa a madadin mai tururi mai guba. Na uku shi ne a raba mutum da haɗarin ta hanyar gyaran na'ura: murfi a kan bel da haƙoran inji, bututu mai zuƙe hayaƙi daga inda yake tashi, ruwa a bakin zarton yanka dutse don kada ƙurar da ke taurara huhu ta tashi. Sai na huɗu, wato dokokin aiki da horarwa da karɓa-karɓa da lokutan hutu. Dalilin wannan jeri a fili yake. Murfin inji yana aiki ko ma'aikaci ya gaji ko bai gaji ba, amma takunkumi yana bukatar mutum ya tuna ya sa shi, ya dace da fuskarsa, a canza matatarsa a kan lokaci, ya kuma jure shi cikin zafi har a tashi.

Mataki na biyar ya shafi ayyukan gyara da miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa. Duk mai gyaran inji ya kashe wutarsa, ya sa nasa kwaɗon a kan makunnin, ya rataya sunansa, makullin kuma ya zauna a aljihunsa har ya gama. Ayyuka masu haɗari irin su shiga tanki ko walda kusa da mai su kasance da rubutaccen izini. A ranar 6 ga Yuli 1988, a dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, daura da gaɓar Scotland, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo domin gyara, bayanin bai isa ga masu aikin dare yadda ya kamata ba, suka kunna famfon, iskar gas ta tsiyayo ta kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Saboda haka miƙa aiki ya zama baki da baki, da takarda a hannu.

Mataki na shida shi ne a buɗe wa ma'aikaci baki. Duk lokacin da wani ya tsallake rijiya da baya, misali kaya suka faɗo kusa da shi ba su same shi ba, a rubuta, a bincika kamar an yi rauni. Binciken ya nemi abin da ya sa kuskuren ya yiwu, domin idan hukunci ne ke biyo bayan kowane rahoto, rahotanni za su ƙafe, shugabanni kuma su zaci lafiya lau ake. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 ta shekarar 1981 ta kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin yana barazana ga rayuwarsa. Ginin Rana Plaza a Bangaladesh ya nuna abin da rashin wannan 'yanci ke jawowa: an ga tsagewa a jikinsa ranar 23 ga Afrilu 2013, shaguna da bankin da ke ƙasa suka rufe, amma aka umarci masu ɗinkin tufafi su koma bakin aiki washegari, ginin ya rufta, mutum 1,134 suka halaka.

Shirin gaggawa, wanda shi ne mataki na bakwai, ba ya bukatar dogon bayani. Kada a kulle ƙofofin fita ko a jibge kaya a gabansu, a riƙa duba tukwanen kashe gobara da akwatin agajin gaggawa, a kuma yi atisayen ficewa da kowane rukunin ma'aikata, har da na dare.

Mataki na ƙarshe shi ne aunawa da sake dubawa. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na tsarin kare lafiyar ma'aikata, wato ISO 45001, wanda aka fitar a shekarar 2018, an gina shi ne a kan zagayen tsarawa, aiwatarwa, dubawa da gyarawa, kuma ƙaramar ma'aikata na iya bin wannan zagaye ko ba ta nemi takardar shaida ba. Allon da ke nuna yawan kwanakin da aka yi ba a samu rauni ba, a ganina, yana iya sa mutane ɓoye ciwo don kada su ɓata lissafi. Ya fi kyau a ƙirga gyare-gyaren da aka kammala a kan lokaci, da rahotannin da ma'aikata suka kawo, da sakamakon gwajin ji da na huhu da ake yi musu lokaci-lokaci. Duk sa'ad da aka kawo sabon inji, ko aka sauya sinadari, ko aka ɗauki sababbin ma'aikata, sai a koma mataki na biyu a sake zagayen wurin.