Darasi na Tara: Ciwo, Gajiya da Ƙuncin Rai ga Babba Mai Lalurar Shanyewar Gaɓoɓi Tun Jarirantaka

Wannan lalura, da likitoci ke kira sarabral falsi, tana faruwa ne idan ƙwaƙwalwar jariri ta sami rauni, kamar ta dalilin doguwar naƙuda, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani ko sanƙarau. Ba shan inna ba ce. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma jiki yana shan wahala da shekaru. Saboda haka idan sabon ciwo ya ɓullo wa babba, kada a ce masa "ai dama haka kake". A nemi dalili.

Jijiyoyin da suka ɗaure suna jan gaɓa ta karkace, sai nauyin jiki ya faɗa gefe guda. Ƙugu, gwiwa, idon sawu, ƙasan baya da wuya su ne suka fi kuka. A miƙe gaɓar a hankali kullum, bayan wanka da ruwan ɗumi. A riƙe daƙiƙa 30, a saki, a maimaita sau 3. Kada a fizga, domin fizga tana ƙara ɗaure jijiya. Gashi da tsumma mai ɗumi na minti 15 yana taimakawa, amma mai jinya ya fara gwada zafin a hannunsa. Mai zama a keken guragu ya riƙa sauya zama duk rabin awa, kuma a duba duwawu da diddige kowane dare. Jan tabon da bai ɓace ba, mafarin gyambo ne. Taurin bayan gida ma yana tayar da ɗaurewar jijiya: a sha ruwa sosai, a ci zogale, wake da gwanda.

Farasitamol ƙwaya biyu ne, masu miligiram 500, ba fiye da sau 4 a yini ba, kuma wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba ya tambayi likita. Ibufurofen da dikilofenak suna cin ciki da ƙoda idan aka daɗe a kansu. Tiramadol na kemis kuwa, a bar shi. Mai shan bakulofen, maganin sassauta jijiya, kada ya daina farat ɗaya, domin hakan yana iya jawo jijjiga.

Gajiyar ba lalaci ba ce. Tafiyar da wani zai yi cikin sauƙi tana cinye ƙarfin mai wannan lalura ninki-ninki. A raba aiki, a yi mai nauyi da safe, a huta kafin ƙarfi ya ƙare. Riƙe sanda ko hawa keken guragu zuwa kasuwa ba kasawa ba ne. In gajiyar sabuwa ce, a gwada jini, ko ƙarancinsa ne.

Ciwo yana hana barci, rashin barci yana ƙuntata rai, ƙuncin kuma yana ƙara ciwo. Idan mutum ya yi mako biyu ba walwala, ba cin abinci, ba son hira, wannan ciwo ne mai magani. 'Yan uwa su zauna su saurare shi, su tafi da shi biki da majalisa. In ya ambaci kashe kansa, asibiti a ranar.

Haka ma a garzaya idan hannu ya fara mutuwa, tafiya ta lalace farat ɗaya, ko fitsari yana kufcewa, domin ƙashin wuya na iya danne lakar baya. Akwai sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a Asibitin Ƙashi na Dala da sauran manyan asibitoci.